Libarbar Gado a Wurno, Rabah da Goronyo: Tsokaci a kan Danganta Ta da Zamanin Jihadi

Gabatarwa

A wasu tsofaffin gidaje na Wurno da Rabah da Goronyo akan tarar da ƙaramar bindigar nan mai juyi da ake kira libarba, naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati. Idan an tambayi asalinta, sai a ji wani ya ce ta zamanin Jihadi ce, wani ya ce Sarkin Musulmi Bello ne ya ba kakansa, wani kuma ya ce da ita aka yi yaƙin Giginya. Manufar wannan maƙala ita ce auna waɗannan maganganu da ma'aunin tarihi, domin ɗalibai sun fara kwashe su suna sakawa cikin rubuce-rubucensu ba tare da bincike ba.

Hukuncin Shekaru

An fara Jihadi a 1804, kuma makamansa baka da kibiya ne da mashi da takobi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya rasu a 1837. Shi kuwa Samuel Colt, wanda libarba ta yaɗu a duniya ta hannunsa, sai a 1836 ya sami rajistar ƙirarsa a Amurka, ita ma ba mai cin harsashin ƙarfe ba ce. Gaskiya ne Kyaftin Clapperton ya kawo wa Bello ƙananan bindigogi a 1824, amma masu baki biyu ne da ake ɗura wa albarushi ta baki. Saboda haka duk libarbar da ke cin harsashin ƙarfe ba ta ga Bello ba, balle Shehu.

Maganar Giginya kuwa mai yiwuwa ce, domin hafsoshin Turawa da suka zo Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903 suna rataye da libarba. Sai dai yiwuwa daban, hujja daban. Gani ya kori ji, hujjar kuma tana jikin ƙarfen.

Yadda Ake Gane Ta

Libarbar sojan Ingila ita ce Webley, ƙirar Birmingham, wadda ake karyawa ta sama a zubar da kwanson harsashi shida. An fara ba soja samfurin farko a 1887, na huɗu a 1899, na shida kuma a 1915. Samfuran farko suna da lanƙwasasshiyar ƙota kamar kan tsuntsu, na shida kuwa ƙotarsa mai kusurwa ce, bututunsa inci 6. Wadda ta kasance kayan gwamnati tana ɗauke da tambari mai kama da kan kibiya. Ke nan mai riƙe da samfuri na shida ba shi da ta cewa a kan Giginya, ko Burmi, ko Satiru ta 1906. Haka ma Enfield, wadda ta shigo a 1932. Irin waɗannan sun fi kama da tsarabar Yaƙin Duniya na Ɗaya ko yaƙin Bama.

A ɓangaren Goronyo, inda fatauci da zumunci suka haɗa jama'a da ƙasar Nijar, ya kamata a duba ko ƙirar Faransa ce. Akwai samfurin 1873 da na 1892, duka na masana'antar Saint-Étienne, kuma ana buga shekarar ƙira a kan bututu. Na 1892 ramukan harsashinsa ta hannun dama suke fitowa.

Ina Darajar Take?

Kuskure na biyu shi ne zaton kowace tsohuwar bindiga dukiya ce. Webley samfuri na shida an ƙera ta dubbai ɗaruruwa, ba abu ne mai wuyar samu ba. Abin da ke ba ta daraja shi ne sanin hannuwan da ta bi: takardar sallamar soja, lambar yabo, hoto, ko shaidar dattawa biyu da ba su haɗa baki ba. Goge tsatsa da yashi, ko kai ta wurin maƙeri, yana shafe lambobin da su ne shaidarta. Gwada harba ta kuwa ganganci ne.

Sannan akwai doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufa ba ya fitar da ita daga wannan hukunci. A yankin da ya ga harin Tabanni na 2018 da na kasuwar Goronyo na 2021, bindigar da ba ta da takarda tana iya jawo wa gida tuhumar da ba a shirya mata ba.

Kammalawa

Shawara ga dattawa ita ce a rubuta duk abin da ke jikin bindigar da sunayen waɗanda suka gaje ta, a sanar da 'yan sanda ta hannun hakimi, a kuma nemi a adana ta a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da sunan gidan. Malamai kuma su koya wa ɗalibai tambayar shekara kafin su karɓi labari. Kakan da ya je Bama ya dawo yana da nasa tarihin, kuma idan aka jingina bindigarsa ga Jihadi, an shafe sunansa ne, ba a ƙara wa gidan komai ba.