Aku a Fada: Abubakar Imam da Nauyin Alƙalamin Ɗan Jarida

A ganina, mai son fahimtar tsaka mai wuyar da ɗan jarida ke shiga ya kamata ya fara da akun nan na Magana Jari Ce. Aikinsa shi ne ya riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Nufinsa na alheri ne, amma ba Musa ke zaɓen abin da zai ji ba. Aku ke zaɓa masa, bisa bukatar fada.

Ba a jima ba marubucin littafin, Abubakar Imam, ya tsinci kansa a irin wannan matsayi. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sai dai ba kwabon mai karatu ke riƙe da jaridar ba, gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a shekarar, sai ta zama kakakin neman wa Ingila goyon baya. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Duk da haka ban yarda a kira Imam ɗan amshin Shatan Turawa ba. Ya ba wasiƙun masu karatu fili suna kai kukansu, kuma a tafiyarsa Ingila a 1943 ya bayyana wa Lugard illolin mulkin En'e. Abin lura shi ne, ko wannan ƙarfin hali yana da iyakar da mai jarida ya shata.

Wannan igiya ce ke wuyan ɗan jaridarmu har yau, ko yana aiki a rediyon gwamnatin jiha, ko an miƙa masa ambulan bayan taron manema labarai. Galibi ba a ce masa ya yi ƙarya. Shiru kawai ake nema daga gare shi. Don haka idan zan auna amanar jarida, ba na tsayawa ga abin da ta buga, sai na binciki labarin da ta sani ta danne, da wanda danniyar ta amfana.