Hotunan Ziyarar Sarauniya ta 1956 a Ƙasar Gusau

A farkon shekarar 1956 Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, ta ziyarci Nijeriya, aka yi mata hawan daba a Kaduna cikin watan Fabrairu. Sarakunan Arewa suka hallara da dawakinsu, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gaba. Ba ta taka Gusau ba, balle Tsafe ko Bunguɗu, waɗanda a sa'an nan suna cikin Lardin Sakkwato. Talakawan waɗannan garuruwa a takarda suka ga taron.

Takardun nan iri biyu ne. Na farko hotunan jarida, musamman Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ake bugawa a Zariya. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Tsafe da Gusau, Bunguɗu kuwa tana bakin hanyar mota ta Sakkwato, saboda haka jarida ba ta daɗewa ba ta iso ba. Na biyu kan sarki na kwabo biyu, wanda aka ƙara wa rubutun Turanci don tunawa da ziyarar. Wannan ya fi yawo, amma ya fi ƙarancin bayani.

Amfanin hoto a fili yake. A zamanin Yaƙi da Jahilci masu karatun boko kaɗan ne, amma ko wanda bai san baƙi ba yana iya gane rawani da lifidi da laima. Mutum ɗaya ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoto, saura su kai labari kasuwa.

Amma fa hoto ba shaida ne mai cikakken adalci ba, gama mai ɗaukarsa shi ke zaɓen abin da za a gani. Wanda ya dubi mahaya suna jinjina gaban Sarauniya sai ya zaci mulkin Turawa ya kafu ke nan har abada. Alhali kuwa tun 1954 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, yake Firimiya, Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya ta sami 'yanci a 1960. Watau hoton ya nuna biyayya, ya yi shiru a kan sallamar da ke tafe.

Lalle ya kamata malamin da zai koyar da tarihi da irin waɗannan hotuna ya sa ɗalibansa su tambayi wanda ya buga su, da nufinsa, da abin da ya bari a waje.