Rashin Haihuwa a cikin Littafin Jiki Magayi

Littafin nan Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, tushensa rashin haihuwa ne. Malam Shaihu attajiri ne, ga dukiya ga mata, amma ba magaji. Sai ya yi mafarki in ya auri Zainabu zai sami ɗa, ya sa dukiyarsa ya raba ta da Abubakar wanda ta ke so. Aka haifi Kyauta. Abubakar kuwa ya nemo asiri ya lalata yaron, ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba.

Gwanintar mawallafan ita ce sun nuna yadda baƙin cikin rashin ɗa kan rufe idon dattijo har ya yi zalunci. A cikin Magana Jari Ce, Sarki Abdurrahman malamai arba'in ya tara suka yi masa addu'a, bai cuci kowa ba.

Amma akwai inda littafin ya gaza. Matan Malam Shaihu na fari, waɗanda aka yi wa kishiya don ba su haihu ba, ba a tsaya an faɗi zafin da su ke ji ba, alhali mace ce a kan yi wa gori, a kira ta juya. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa sau da yawa ciwon a jikin miji ya ke, kuma wani yana jin magani. Saboda haka mai karatu ya riƙe wa'azin littafin, amma in abin ya same shi, su tafi asibiti tare da matarsa, a duba su duka biyu.