Shiryayyen Amo da Karin Harshe: Sharhi a kan Kiɗan Fiyano a Waƙoƙin Hausa

Abin da makaɗan zamani ke kira fiyano ba shi ne fiyanon Turawa mai tsarkiyoyi a ciki ba. Na'ura ce ta lantarki wadda aka ɗura wa muryoyin kayan kiɗa iri-iri tun daga masana'anta, ta yadda da an latsa lamba sai ta yi kukan sarewa ko amon ganga. Waɗannan muryoyi su ne muka kira shiryayyen amo. A fuskar na'urar kuma akwai maɓallan gyara, watau na sauri da jinkiri, da na ɗaga murya ko sauke ta, sa'an nan a kan wasu akwai ɗan gare-gare ta hannun hagu mai lanƙwasa sauti. A ganinmu, akasarin makaɗanmu sun tsaya ga shiryayyen amo sun ƙyale maɓallan gyara, harshen Hausa kuwa shi ya ji a jikinsa.

Ba a kanmu aka fara wannan ba. Da kamfanin Yamaha ya fito da DX7 a 1983, tsara sabon amo a kanta ya yi wuya ƙwarai, sai makaɗan Amurka da Ingila suka dogara ga muryoyin da ta zo da su, har waƙoƙinsu na lokacin suka riƙa kama da juna. A 1991 masu ƙera irin waɗannan na'urori suka amince da tsarin General MIDI mai muryoyi 128. Takwas daga ciki aka ware wa kayan kiɗan al'ummu, inda Indiya ta sami sitar da shanai, Japan ta sami koto da shamisen, Afirka duka kuwa kalimba kaɗai. Babu kalangu, babu kotso, babu algaita. Saboda haka lokacin da samfurin Yamaha PSR ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, irin su na Iyan-Tama, cikin shekarun 1990, makaɗi ya tarar Indiya tana cikin akwatin, ƙasar Hausa ba ta ciki. Masu ɗora laifin kwaikwayon Indiya a kan kallon finafinai kawai ya kamata su lura da wannan. Duk da haka an yi ƙoƙari, don kiɗan fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, ya nuna ana iya lalubo muryoyin da suka yi kusa da na gida.

Babbar matsalar tana wajen karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da sauka: kukan yaro da kukar miya kari ya raba su. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta, fata ta bi karin magana, shi ya sa yake iya kaɗa take wanda mai shi zai ji ya gane. Gangar da ke cikin fiyano amonta a ƙayyade yake, ba ta matsuwa. Bugu da ƙari, salon kiɗan da na'urar ke maimaitawa ba ya jiran kowa. Makaɗan Mamman Shata shi suke bi, in ya ja ɗan waƙa su ja, in ya tsaya yin magana su sassauta. Yanzu al'amarin ya juya, mawaƙi ke bin kiɗa, ya gutsure dogon wasali ko ya miƙe gajere don gaɓa ta shiga gurbin da injin ya bar masa. Alhali tsawon wasali shi ya raba garin mutane da garin tuwo.

Wanda ke son gwada kunnensa ya nufi yankin Kaoje, a ƙaramar hukumar Bagudo, kusa da iyakar Benin, ƙasar Fulani makiyaya. Waƙoƙin Kano sun isa can ta wayar hannu, ga kuma sarewar makiyaya. A sarewar gaske ana jin numfashin mai busa, da yadda sauti ke zamewa daga wani mataki zuwa wani. Ta fiyano kuwa tsalle take yi tsakanin matakai 12 da Turawa suka auna daidai wa daida, in dai ba a taɓa gare-garen nan ba, kuma ba safai ake taɓa shi ba.

Ba na'urar ce ta ƙi gyaruwa ba. Yamaha ta ƙera samfura na musamman don Larabawa da Turkawa, masu maɓallan sauya ma'aunin sauti domin su dace da maƙamarsu, saboda makaɗan can sun nemi haka. A Yamai kuma, Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya, wadda ba ta kai fiyanon yau kayan aiki ba, amma ya sa ta bi waƙoƙin gargajiya na Nijar a natse.

Mu manazarta ma da sauran aiki a gabanmu. A kundayen ɗalibai, in an zo kan kayan kiɗa, sai a rubuta "fiyano" a wuce, kamar an gama bayani. Kamata ya yi a faɗi samfurin na'urar, da muryar da aka zaɓa, da salon kiɗan da saurinsa, da abin da makaɗi ya gyara da hannunsa, kamar yadda muke bambanta kotson Narambaɗa da kuntigin Ɗan Maraya.