Gyaran Rediyo na 1978 da Matsayin Sakkwatanci

Muhawarar da ta biyo bayan gyaran 1978, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta haɗe Rediyon Kaduna cikin gidan rediyon Tarayya, ta kuma taƙaita gidajen jihohi ga matsakaicin zango, ta tsaya ne kacokan a kan mallaka. An yi ta ja-in-ja kan wanda zai riƙe gajeren zango, aka bar batun harshe a baya, alhali nan ne gizo ke saƙar. Kaduna mai kaiwa nesa ta ci gaba da yaɗa Daidaitacciyar Hausa, wadda tushenta Kananci ne. Sakkwatanci kuwa, mai "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce", sai ya tsaya inda muryar Rediyon Rima ta tsaya, in ban da a bakin makaɗa irin su Ɗanƙwairo.