Gumin Talaka a Takardun Masana: Nazari a Kan Binciken Tarihin Ƙwadago a Arewa

Tsakanin 1907 da 1911 aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano. Littattafan makaranta sun adana sunan Gwamna Girouard da ya tsaya a kan aikin. Dubban manoman da aka ɗebo daga ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau, suka sare daji, suka ɗauki ƙasa a ka, ba a rubuta sunayensu ba. A fayilolin Turawa adadi ne kawai: hakimi wane ya aiko da mutum kaza, kaza sun gudu. Akwai fannin bincike da ya taso domin cike wannan giɓi, wato tarihin ƙwadago da dangantakar mai aiki da mai ba da aiki. Wannan fanni ya yi wa Arewa hidima babba, amma ma'aunin da ya zo da shi ya bar mafi yawan masu cin guminsu a waje, kuma ya yi shiru a daidai lokacin da aka fi bukatar muryarsa.

Mafarin fannin

Rubuce-rubucen farko a Nijeriya tarihin ƙungiyoyi ne. T. M. Yesufu a 1962, Wogu Ananaba a 1969 da Robin Cohen a 1974 sun bi diddigin dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938, da babban yajin aikin 1945 wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa, da harbin mahaƙan kwal 21 a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, da yajin gama-gari na 1964. Labarin Legas ne da Inugu, na tashar jirgin ruwa da ofis da shugabanni masu rubuta wa gwamnati takarda. Mai karanta su zai ɗauka Arewa ƙasar sarakuna da manoma ce kawai, inda babu ma'aikatan da za a ba da tarihinsu.

Sauyin ya zo ne a shekarun 1970. Littafin E. P. Thompson na 1963 a kan ma'aikatan Ingila ya riga ya koya wa masana cewa su dubi abin da talaka ya yi da kansa, ba abin da aka yi masa kaɗai ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, malamai irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur suna sake karanta mulkin mallaka ta fuskar haraji da aikin tilas da ƙwacen dukiya. A wannan yanayi aka samu ayyukan da har yau su ne ginshiƙan fannin.

Dogo, kuza, Bompai da masaƙu

Michael Mason, a maƙalarsa ta 1978, ya nuna cewa leburorin layin Baro ba neman aiki ya kawo su ba. Razdan zai gaya wa sarki adadin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su matsa wa dagatai. Abin da aka biya su da tsabar Turawa kuma haraji ya komar da shi baitulmali.

Bill Freund, wanda ya koyar a Zariya, ya faɗaɗa wannan hujja a littafinsa na 1981 a kan haƙar kuza a Jos. Haraji da kuɗin Turawa shi ne ya tura manomin Kano da Bauci da Barno zuwa Filato da rani, ya yi makonni ko watanni a ƙarƙashin heluma, ya koma gida da saukar damina. Kamfanoni sun ci ribar wannan tsari, domin ladan lebura bai kai ya riƙe iyali ba. Gonar ƙauye ce ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa, ita ce kuma ke karɓarsa idan ya tsufa ko ya nakasa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai aka koma ɗiban mutane da ƙarfi, abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kai mutane wajen 100,000 filayen kuza, sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Muhimmancin aikin Freund shi ne bai tsaya a bakin rami ba. Ya bi lebura har ƙauyensu, ya ɗauki guduwa da jan ƙafa da satar kuza a matsayin hanyoyin bijirewa, ko da babu ƙungiya babu shugaba.

Paul Lubeck ya zauna da leburorin masana'antun Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa ya fito a 1986. Ya tarar da yawansu ta hanyar almajiranci suka shigo birni: gardi ya zo karatu da cin rani, ya yi dako ko ɗinkin hula, daga nan ya samu shiga kamfani. A rigimar ƙarin albashin kwamitin Adebo ta 1971, ma'aikatan sun tsayar da injuna ba tare da jiran wata ƙungiya mai rajista ba. Harshen da suka yi ƙorafi da shi na talakawa ne da Musulunci: zalunci, haƙƙi, lokacin salla. Wannan ya rushe zaton da wasu masana ke yi cewa sai ma'aikaci ya bar addini da al'ada kafin ya gane ana cutarsa.

Gunilla Andrae da Björn Beckman sun ɗauki masaƙu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, kuma a 1978 aka haɗe ma'aikatan masaƙun ƙasar a ƙungiya ɗaya mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta. Littafinsu na 1998 ya gano abin da ba a zata ba: a shekarun tsuke bakin aljihu na bayan 1986, lokacin da ake rage ma'aikata, ƙarfin ƙungiyar a teburin ciniki ƙaruwa ya yi. Sun kuma kwatanta Kaduna da Kano. A manyan masaƙun Kaduna yarjejeniya a rubuce ce ke aiki; a ƙananan masana'antun Kano na 'yan kasuwa, ta hannun wani ake samun aiki, kuma alfarmar maigida ta fi dokar ƙwadago tasiri.

Abin da ma'aunin ya kasa aunawa

Duk waɗannan ayyuka suna da abu ɗaya: wurin aiki mai ƙofa da rajista. Akwai dalili. Mai bincike yana zuwa inda takarda take, takarda kuwa tana Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da ofisoshin kamfanoni da na ƙungiyoyi. Ra'ayin da ya yi tashe a lokacin ma ya ɗauka cewa ma'aikacin masana'anta shi ne mutumin gobe, saura kuwa ragowar jiya ne da za su shuɗe. Ƙasar Hausa ba ta bi wannan hasashe ba. Ko a lokacin da unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Kakuri ke cike da hayaniyar injuna, masu albashi tsiraru ne idan aka gwada su da 'yan ƙwadagon gona, da 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da yaran maƙera da marina da dukawa da ke koyon sana'a a hannun maigida.

An yi bincike a kan waɗannan mutane, sai dai an ajiye shi a wasu fannoni. Mansell Prothero ya ƙidaya masu cin rani na lardin Sakkwato a shekarun 1950, Kenneth Swindell ya rubuta tarihinsu, David Rain ya bi na Maraɗi a littafinsa na 1999, amma an lissafa aikinsu a labarin ƙasa. Polly Hill ta nuna a Batagarawa yadda talaka ke barin gonarsa babu noma ya je ƙwadago a ta mai hali saboda rumbunsa ya ƙare, aka ce wannan tattalin arzikin karkara ne. Mark Duffield ya rubuta a kan Hausawa da Fulanin Mai Wurno a Sudan, waɗanda guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira, aka sa shi a nazarin Sudan. Alhali sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duk waɗannan: manomi da damina, ɗan ƙwadago a bakin kaka, lebura ko almajiri da rani. Rarraba rayuwarsa tsakanin sassan jami'a ya sa ba a taɓa ganinsa gaba ɗaya ba.

Giɓin ya fi faɗi a wajen mata. Tun 1969 Polly Hill ta ja hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida. Enid Schildkrout ta nuna yadda wannan ciniki a Kano ya dogara ga tallar yara, Renée Pittin kuma ta yi shekaru tana nazarin aikin mata a Katsina. Duk da haka, matar da ke kaɗi ko surfe ko ƙuli-ƙuli, da yarinyar da aka kawo aikatau daga ƙauye, ba su samu shiga babban labarin ma'aikata ba. Zaren da ya ciyar da masaƙan gargajiya na Kano da marinan Kura daga hannun mata ya fito. Tarihin saƙa da zai fara daga 1957 ya tsallake su ne baki ɗaya.

Sai batun bauta, wanda mu kanmu muke jin nauyin taɓawa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun nuna cewa Turawa ba su 'yanta bayi kai tsaye ba. Dokar 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga lokacin, aka bar manya su fanshi kansu, sau da yawa ta hanyar murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana biyan ubangijinsa. Sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya. Mohammed Bashir Salau ya bi tarihin rinjin Fanisau kusa da Kano. Ma'anar wannan ita ce, cikin leburorin farko na dogo da kuza da dakon gyaɗa akwai masu neman kuɗin fansa da waɗanda suka gudu daga rinji. Wanda ya raba tarihin ƙwadago da tarihin bauta ba zai fahimci dalilin da ya sa ake raina aikin ƙarfi ba, ko dalilin da ya sa dangantakar maigida da bara ta bi ma'aikaci har cikin kamfani.

Harshe da shiru

Matsala ta gaba ita ce harshe. An yi hirarrakin da Hausa, an rubuta sakamakon da Turanci, an buga a Landan da Kambirij da Upsala, a farashin da malamin jami'ar Nijeriya ma yake jin nauyinsa. Jikan mutumin da aka kai kuza a 1943 bai san an rubuta wahalar kakansa ba. Kundayen digiri da ɗalibanmu suka rubuta a Zariya da Kano da Sakkwato da Jos, waɗanda wasunsu ke ɗauke da hira da dattawan da yanzu sun rasu, suna jibge a ɗakunan karatu ba a buga su ba. Wannan ya hana masu abin damar gyara wa masana kuskure, kuma binciken da masu shi ba su iya musantawa yakan daɗe da kurensa.

Mafi ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Farashin kuza ya faɗi a 1985. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, masana'antu da dama a Kano suka zama rumbunan ajiye kaya. Da ƙofofin suka rufe, sai hankalin masu bincike da masu ba da kuɗin bincike ya koma kan rikicin addini da tsaro. Aiki kuwa bai ƙare ba, kariyarsa ce ta ƙare. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. A 2013 an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, dubban matasa suka koma neman wata hanyar abinci. A 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 da aka tsare cikin wani kamfanin shinkafa a Kano. A 2022 'yan adaidaita-sahu sun yi yajin da ya sa mutanen Kano tafiya a ƙasa. Kowanne daga cikin waɗannan batu ne na dangantakar aiki: wa ya mallaki babur ko rami, nawa ake kai masa balas, wa ke ɗaukar asara idan an yi haɗari. Jaridu sun ba da labarinsu na kwana biyu, zurfin binciken da kuza da masaƙu suka samu kuwa har yanzu suna jiransa.

Abin da ya rage a yi

Gyaran ba ya bukatar watsi da magabata. Hanyar da Freund da Lubeck suka buɗe, ta bin lebura zuwa gonarsa da tsangayarsa, ita ce za a bi har ƙarshe: a fara daga mutum da gidansa, a bi shi duk inda neman abinci ya kai shi a shekara. Hakan na nufin faɗaɗa madogara. Littattafan kotunan alƙalai cike suke da ƙararrakin lada da bashi da fansa. Waƙoƙin noma da na niƙa da na daɓe suna ɗauke da yadda masu aikin ke kallon aikinsu. Ƙungiyoyin direbobi da mahauta da teloli suna da rajista da shugabanni da hanyoyin sasanta rigima, ko da wasunsu ba su cikin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu na Kakuri da Makera suna raye, da yawansu sun shekara da shekaru suna bin haƙƙin sallamarsu, kuma kowace shekara ana rasa wasu.

Sassan tarihi na jami'o'i da Gidan Arewa na Kaduna suna iya naɗar muryoyin waɗannan mutane yanzu, da wayar hannu ma, su adana su da Hausa yadda aka faɗe su. Suna iya fassara manyan ayyukan nan su kai su rediyo, inda direba da mai aikatau za su ji, su ce nan an faɗi daidai, nan kuma ba haka aka yi ba. Matashin da ke kai balas a yau ya cancanci sanin cewa wasu sun tsaya a irin matsayinsa kafin shi, da abin da suka nema, da yadda suka haɗa kai, da inda aka karya su. Bashi ne a kan masana, kuma masu shaidar da za a biya shi da su ba za su daɗe suna jira ba.