Jinjina ga Ma'aikatan Asibitin Galmi

A koyarwar Kirista, shugaba mai hidima ne ga jama'a. Linjilar Yohanna ta ba da labarin yadda Yesu Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi a wancan zamani.

Mai son ganin haka a aikace, sai ya je Galmi, garin albasa a jihar Tahoua ta Nijar, inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti tun 1950. Likitocin da za su iya tara dukiya a ƙasashensu sun zaɓi zafin bazara da ƙurar hunturu, suna aiki tare da ma'aikata 'yan ƙasa. Yawancin majinyatan kuwa Musulmi ne, wasu ma daga Najeriya suke tsallakowa.